Hujjar tallafin gwamnati wajen mayar da talabijin daga analog zuwa dijital

Wani mai karatu ya aiko da tambaya kamar haka: "Na ji cewa lokacin da Amurka za ta rufe tsohon tsarin talabijin na analog, gwamnati ta riƙa raba wa jama'a katin dala 40 domin su sayi dikoda, kuma a Najeriya ma an sayar da dikodar FreeTV da rangwame. Kallon talabijin ba abinci ba ne, ba kuma magani ba ne. Da wace hujja za a ɗebi kuɗin al'umma a tallafa wa mai son kallo, kuma shin tallafin ya yi amfani?"

Malam, hujjar tana da ƙarfi, kuma ni ina cikin masu goyon bayanta. Mutumin da ya sayi akwatin talabijin da guminsa, akwatin yana aiki lafiya lau, bai roƙi kowa ya canza masa komai ba. Hukuma ce ta zauna ta tsayar da ranar da akwatin nasa zai daina kama tasha, kuma hukumar ce dai ta kwashe mitocin da aka rufe ta sayar wa kamfanonin waya a kan maƙudan kuɗi. Saboda haka abin da ake kira tallafi a wannan fage ya fi kusa da diyya, irin wadda ake biyan manomin da sabon titi ya ratsa ta tsakiyar gonarsa: titin zai amfani gari duka, amma ba daidai ba ne a ce shi kaɗai zai ɗauki asarar. Kashi na biyu na tambayarka ya fi wuyar amsawa, domin amfanin tallafin ya danganta ga wanda aka ba da kuma hanyar da aka bi aka ba shi, kuma a nan ne ƙasashe suka sha bamban ƙwarai.

Kafin a fahimci maganar kuɗin, sai an fahimci abin da ake sayarwa. Kowace tashar talabijin da ake kamawa da eriya tana zaune ne a kan wani yanki na mitocin iska, kuma waɗannan mitoci suna da iyaka, ba a ƙera sababbi. A tsarin analog, tasha ɗaya tana cinye yanki guda cif, wato megahaz 6 (megahaz shi ne ma'aunin mitoci) a Amurka, ko megahaz 8 a zangon UHF na Turai da Afirka, sannan dole a bar wasu yankunan fayau a tsakanin tashoshin da ke kusa da juna domin kada su riƙa shiga wa juna. A tsarin dijital kuwa ana matse hoto da sauti a mayar da su lambobi, ta yadda wannan yanki guda da a da yake ɗaukar tasha ɗaya zai ɗauki tashoshi da dama, har kusan ashirin a tsarin dijital na eriya mai suna DVB-T2 idan ba hoto mai tsananin kyau ake nema ba. Idan aka tattara tashoshin ƙasa duka a ɗan wuri kaɗan, sai sauran mitocin su zama sarari, kuma mitocin da ke kewayen megahaz 700 da 800 su ne kamfanonin waya suka fi kwaɗayi, saboda suna tafiya nesa kuma suna ratsa bango, don haka da turaku kaɗan ake iya kai intanet ƙauyuka masu nisa.

A Amurka lissafin a fili yake. Dokar da Majalisar Dokokin ƙasar ta zartar, wadda Shugaba George W. Bush ya sanya wa hannu a watan Fabrairun 2006, ta umarci manyan tashoshi su rufe analog ranar 17 ga Fabrairun 2009, su kuma bar yankunan mitoci masu lamba 52 har zuwa 69 gaba ɗaya, wanda hakan ya ba da sararin megahaz 108. An ware megahaz 24 daga ciki domin 'yan sanda da masu kashe gobara da motocin ɗaukar marasa lafiya, kuma harin 11 ga Satumbar 2001 ya nuna yadda jami'an agaji suka kasa jin juna ta na'urorinsu. Wani babban kaso na sauran aka yi gwanjonsa a farkon 2008, aka samu kimanin dala biliyan 19, kuma Verizon da AT&T ne suka kwashi mafi yawa. Ita wannan doka ce ta ware har dala biliyan 1.5 daga kuɗin gwanjon domin katin dikoda. Ka ga ke nan ba daga harajin talaka aka fara ɗebo kuɗin ba, daga cinikin mitocin ne, kuma abin da aka mayar wa masu kallo bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da gwanjon ya kawo ba.

Akwai wata hujjar da ta wuce ta adalci, wato ta larura. Babu gwamnatin da ke neman ƙuri'a da za ta iya kashe analog alhali miliyoyin gidaje za su wayi gari allonsu babu hoto, kuma muddin ba a kashe ba, dole tashoshi su ci gaba da watsa shirye-shirye ta hanyoyi biyu a lokaci guda, suna biyan kuɗin lantarki da na gyaran na'urori sau biyu, mitocin kuma suna riƙe ba a mora. Gidajen da suka fi jinkirin sauyawa su ne na tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi da mazauna karkara, waɗanda ba su da kebul ko tauraron ɗan'adam, kuma su ne talabijin ɗin eriya ya zame wa hanyar jin labarai da gargaɗin guguwa da bayanin zaɓe. Sayen dikoda ga irin waɗannan gidaje ya fi wa gwamnati arha nesa ba kusa ba a kan ƙarin shekara ɗaya ta jinkiri.

Yanzu mu duba yadda aka gudanar da shirin na Amurka, domin a nan darussan suke. Hukumar NTIA da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Kasuwanci ce ta riƙe shi, kuma ta fara karɓar buƙatu ranar 1 ga Janairun 2008. Kowane gida yana da damar neman kati biyu, kowanne na dala 40, ana aiko da shi ta gidan waya, katin roba ne kamar na banki, mutum ya kai shago a cire masa dala 40 daga farashin dikoda, wadda a lokacin akasari ake sayarwa tsakanin dala 40 zuwa 70. Ba a haɗa kati biyu a kan dikoda ɗaya, kuma ba kowace dikoda katin ke saya ba, sai mai sauƙi wadda aikinta kawai ta mayar da siginar dijital yadda tsohon akwati zai gane. Kashin farko na kuɗin a buɗe yake ga kowane gida, ko da mai kebul ne ko mai kuɗi, sai kashi na biyu ne aka keɓe wa waɗanda eriya kaɗai suka dogara da ita.

Abin da ya kusa kifar da shirin wani ɗan sharaɗi ne da ba a ɗauke shi da muhimmanci ba: katin yana mutuwa bayan kwana 90. Mutane da yawa sun nemi katin da wuri, suka je shago suka tarar dikoda ta ƙare ko ba ta iso ba, wasu kuma suka ajiye a aljihun tebur suka manta, kuma a ƙa'idar farko wanda katinsa ya mutu ba a sake ba shi wani. Ta ɓangaren hukuma kuwa, dokar kashe kuɗi ta tilasta mata ta ɗauki kowane katin da ta aika a matsayin bashin dala 40 har sai ya mutu, ko da mai shi ba zai taɓa amfani da shi ba. Haka aka yi har farkon Janairun 2009, saura makonni shida wa'adi ya cika, hukumar ta kai iyakar kuɗin da doka ta yarje mata, ta koma rubuta sunayen masu nema a jerin jira, jerin kuma ya kai miliyoyi. A daidai lokacin kamfanin Nielsen mai ƙididdigar masu kallo ya ƙiyasta cewa gidaje kimanin miliyan 6.5 ba su shirya ba. Dole Majalisa ta ɗage ranar zuwa 12 ga Yunin 2009, Shugaba Barack Obama ya sanya hannu a watan Fabrairu, aka kuma ƙara dala miliyan 650 daga kuɗin farfaɗo da tattalin arziki, tare da ba wa masu mataccen kati damar sake nema. Lokacin da aka rufe analog a watan Yuni, adadin gidajen da ba su shirya ba ya sauko ƙasa da miliyan 3. A ƙarshe an aika da katuna kimanin miliyan 64, amma waɗanda aka kai shago ba su wuce miliyan 35 ba.

A ganina shirin ya cika babban burinsa, domin an kashe analog ba tare da wani babban rikici ba, amma yana da aibi biyu da bai kamata a rufe ido a kansu ba. Na farko, da yake kowa na iya nema, wani kaso na kuɗin ya tafi ga gidajen da ke da kebul a falo, suna neman dikoda ne kawai domin tsohon akwatin da ke ɗakin girki. Na biyu ya fi zurfi. Idan gwamnati ta ce za ta biya dala 40 a kan kowace dikoda, babu ɗan kasuwar da zai sayar da ita ƙasa da dala 40, ko da kuwa zai ci riba a ƙasa da haka, domin mai saye ba ya jin zafin wannan kaso na farashin. Wani masanin tattalin arziki mai suna Scott Wallsten ya yi nazari a 2008 ya ƙiyasta cewa katin ya ɗaga farashin dikoda da dala 21 zuwa 34. Ko da mutum bai yarda da alƙaluman gaba ɗaya ba, hankali zai karɓi ma'anar, wato wani yanki na tallafin a aljihun masu shaguna da masu ƙera kaya ya tsaya.

Akwai kuma abin da katin bai taɓa ba sam, kuma wanda ya taɓa aikin kafa eriya ya san shi ne ainihin matsalar. Siginar analog tana da haƙuri. Wanda ke nesa da tashar zai ga hoto yana yayyafi, sauti yana shuu, amma dai zai gane fuskar mai karanta labarai. Duk wanda ya tashi a gidan da ake ɗaure eriya a kan doguwar gora ya san yadda ake tura yaro ya riƙa juya ta a hankali, na cikin ɗaki suna kiran "ƙara kaɗan, koma baya, tsaya nan", har a samu hoton da za a iya haƙuri da shi. Dijital ba ta san wannan sassauci ba: ko hoto ya fito tas, ko ya daskare ya farfashe gida-gida, ko allon ya yi baƙi. Gidaje da dama a gefen birane da cikin tsaunukan Amurka sun sayi dikoda da katinsu, suka haɗa, suka ga wasu tashoshin da suka saba kallo sun ɓace, domin abin da suke buƙata sabuwar eriya ce a kan rufi da wanda zai hau ya ɗaura ta, katin kuwa bai biya ko ɗaya daga cikin biyun ba. Ga kuma sake binciken tashoshi a cikin dikoda bayan ranar sauyi, abin da matashi zai yi cikin minti biyu amma yake gagarar dattijon da ke zaune shi kaɗai. Dubban ɗaruruwan kiran waya ne suka shiga layin taimako na hukumar FCC mai kula da harkar sadarwa a Amurka a ranar da aka rufe analog, kuma da yawansu a kan wannan ne.

Wannan ne ya sa nake ganin tsarin Birtaniya ya fi dacewa da ainihin buƙatar. Can ba a raba wa kowa kati ba. An ware fam miliyan 603 daga kuɗin lasisin talabijin da jama'a ke biya, aka ɗora wa BBC alhakin shirin, aka kuma taƙaita shi ga 'yan shekara 75 zuwa sama, da masu naƙasa da ke karɓar wasu alawus, da makafi da masu raunin gani, da mazauna gidajen kula da tsofaffi. Wanda ya cancanta zai biya fam 40, idan kuma yana cikin masu karɓar tallafin talauci ba zai biya komai ba, abin da zai samu kuwa ya wuce kwali a hannu: ma'aikaci zai zo gida ya haɗa dikodar, ya duba eriya ya canza ta idan ta lalace, ya zauna ya nuna wa tsohuwa maɓallin da za ta danna a rimot, sannan akwai lambar da za ta kira har tsawon shekara guda idan abu ya rikice. Haka kuma ba a kashe ƙasar a dare ɗaya ba. An fara da garin Whitehaven a watan Oktoban 2007, aka bi yanki-yanki har aka kammala da Ireland ta Arewa ranar 24 ga Oktoban 2012, kowane yanki yana koyo daga kuskuren wanda ya gabace shi. Mutanen da suka karɓi taimakon ba su kai yadda aka zata ba, saboda yawancin tsofaffi 'ya'ya da jikoki sun riga sun sauya masu, don haka kuɗi masu yawa suka yi saura aka karkata su ga faɗaɗa intanet mai sauri. Wasu sun kira wannan kuskuren lissafi, amma ni na fi son shirin da kuɗinsa ya yi saura a kan wanda ya ƙare saura makonni shida.

Italiya kuma ta nuna inda tallafi ke iya zama wani abu dabam. A 2004 gwamnatin Silvio Berlusconi ta ba da yuro 150 ga duk wanda ya sayi dikodar dijital ta eriya ko ta kebul, a 2005 aka rage zuwa yuro 70, amma aka cire dikodar tauraron ɗan'adam daga ciki. Firaministan shi ne mai kamfanin Mediaset, wanda ke shirin sayar da wasannin ƙwallo ta dikodar eriya, babban abokin hamayyarsa kuwa Sky Italia ta tauraron ɗan'adam yake watsawa. Hukumar Tarayyar Turai ta yanke a watan Janairun 2007 cewa wannan tallafi haramtacce ne domin ya fifita wata fasaha a kan wata, kuma kotun ƙoli ta Tarayyar ta tabbatar da hukuncin a 2011. Ƙa'idar da ta fito daga nan tana da amfani ga kowace ƙasa: idan manufar ita ce kada talaka ya rasa talabijin, to a bar shi ya zaɓi hanyar da ta fi kama masa a inda yake zaune.

Meziko ta bi hanya mafi tsada, ta raba sababbin akwatunan talabijin kimanin miliyan 10 kyauta ga gidajen da ke cikin rajistar masu ƙaramin ƙarfi, ta kuma rufe analog a ƙarshen 2015. An cika wa'adi, amma rabon ya faɗo a shekarar zaɓe, ya jawo zargin sayen ƙuri'a. Afirka ta Kudu ta yi alkawarin dikoda kyauta ga gidajen da kuɗin shigarsu bai wuce rand 3,500 a wata ba, sai rigimar ko za a sanya wa dikodar makulli ko ba za a sanya ba ta cinye shekaru a kotu tsakanin gwamnati da tashar e.tv da kamfanin MultiChoice, dikododin da aka riga aka ƙera suna jibge a rumbunan gidan waya. A watan Yunin 2022 Kotun Tsarin Mulkin ƙasar ta soke ranar rufe analog da minista ta tsayar, bisa dalilin cewa ba a ba wa talakawa isasshen lokacin yin rajista ba.

Sai Najeriya, wadda ka ambata. Wajibcin sauyin ya samo asali ne daga yarjejeniyar Geneva ta 2006 ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wato ITU, wadda ta tsayar da 17 ga Yunin 2015 a matsayin ranar da za a daina kare siginar analog daga katsalandan a zangon UHF a Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya. Najeriya ta sa wa kanta 2012, ta wuce, ta wuce 2015, ta kuma wuce 2017. Kuɗin fara aikin sun fito ne ta hanya irin ta Amurka, domin a 2015 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ba wa MTN lasisin wani yanki na megahaz 700 a kan naira biliyan 34. An ƙaddamar da gwaji a Jos ranar 30 ga Afrilun 2016, aka yi alkawarin raba dikoda 200,000 kyauta a Filato, sannan Abuja a watan Disambar wannan shekara, Ilori da Kaduna a ƙarshen 2017, Enugu da Osogbo a farkon 2018. Daga nan aikin ya tsaya cik har zuwa 2021, lokacin da aka ƙaddamar a Legas a watan Afrilu da Kano a watan Nuwamba. A zagayen farko an sayar da dikodar FreeTV, wato ta wannan shiri na gwamnati, a kan naira 1,500, farashin da ke ƙasa ƙwarai da kuɗin ƙera ta, tare da kuɗin shekara na naira 1,000.

Matsalar tallafin Najeriya, a fahimtata, ita ce an zuba shi a bakin masana'anta da kamfanonin rarraba sigina, ba a hannun gidan da ke buƙata ba. Gwamnati ta biya masu harhaɗa dikoda domin su karya farashi ga kowa da kowa, ta kuma ɗauki nauyin kuɗin da kamfanonin ITS da Pinnacle ke caji na ɗaukar tashoshi a kan turakunsu. Babu rajistar da ta bambanta mai buƙata da mai hali, don haka wanda ya riga zuwa shi ya samu, kuma duk kayan da aka karya wa farashi haka ba tare da tantancewa ba, dillali ne ke fara sanin inda suke. Ƙari a kan haka, kayan cikin dikodar da dala ake shigo da su, kuma naira ta faɗi warwas a 2016, ta yadda kuɗin da aka lissafa za su sayi dikoda da yawa suka sayi kaɗan. Da kuɗin suka ƙare sai bashi ya taru. A 2020 Ministan Yaɗa Labarai Lai Mohammed ya sanar cewa gwamnati ba za ta ƙara tallafa wa dikoda ko ɗaukar sigina ba, a farkon 2021 kuma Majalisar Zartarwa ta amince da naira biliyan 9.4 domin biyan basussukan da suka taru. Wato an cire tallafin tun kafin a kai ga mafi yawan jihohi, kuma tun kafin a kai ga mutanen karkara waɗanda dominsu ne ya kamata a yi shi.

Kuɗin shekarar nan ma abin dubawa ne. Talabijin ɗin eriya kyauta ne tun fil azal, mai akwati ya kunna NTA ko tashar jiharsa ba tare da ya biya kowa ba. Idan aka ce sai ya sayi dikoda, sannan ya riƙa sabunta ta kowace shekara kafin ta buɗe, to an canza masa yarjejeniyar gaba ɗaya, komai ƙanƙantar kuɗin. A Amurka da Birtaniya wanda ya sayi dikoda ko sabon akwati mai dijital a ciki ya gama, babu wani makulli a kan tashoshin kyauta. Amurka ma ta wajabta tun daga Maris na 2007 cewa duk sabon akwatin da za a shigo da shi kasuwa ya zo da na'urar kama dijital a cikinsa, matakin da bai ci wa baitulmali ko sisi ba amma ya rage yawan masu buƙatar dikoda kowace shekara.

Jinkirin ya kuma canza filin da kansa. A shekarun da aka kwashe ana ɗage wa'adi, gidaje masu ɗan hali a birane sun koma StarTimes da GOtv, waɗanda su ma dijital ne ta eriya amma na biya, wasu da yawa kuma, musamman a Arewa, sun kafa farantin tauraron ɗan'adam suna kama tashoshin kyauta, kamar yadda Arewa24 ta shiga gidaje tun daga 2014. Matasa kuwa a waya suke kallo. Waɗanda suka rage a kan analog zalla su ne mafiya rauni, kuma yawancinsu matsalarsu ta farko wutar lantarki ce, domin dikoda ƙarin na'ura ce da ke buƙatar wuta a gidan da sai an tayar da janareta ko an jona batir ake kallo. A 2024 gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta amince da naira biliyan 10 domin farfaɗo da shirin, kuma NBC ta karkata ga amfani da tauraron ɗan'adam na NigComSat maimakon jiran kafa turaku a kowace jiha. Ta fuskar fasaha wannan yana da ma'ana a ƙasa mai faɗi irin Najeriya, domin tauraro ɗaya yana rufe Sakkwato da Maiduguri da Kalaba a lokaci guda, amma yana ƙara nauyi a kan mai gida, tunda yanzu bayan dikoda sai ya sayi faranti da waya, ya kuma biya wanda zai hau ya saita masa.

Da za a nemi shawarata a kan waɗannan kuɗi, zan ce a fara da ƙidayar gidajen da har yanzu eriya da tsohon akwati kaɗai suke da su, jiha-jiha, domin ba a taɓa tsara diyya ba tare da sanin adadin waɗanda za a biya ba. Sannan tallafin ya bi gidan, ta rajistar masu ƙaramin ƙarfi da ake da ita, ya ƙunshi kafawa da saitawa, mai gida kuma ya zaɓi eriya ko faranti gwargwadon abin da ke kamawa a garinsu. A cire harajin shigo da kayan dikoda, kamar yadda Kenya ta yi, a hana shigo da akwatin da ba ya kama DVB-T2, a kuma bar tashoshin gwamnati da na jihohi a buɗe ba tare da kuɗin shekara ba. Kuɗin yin haka su fito daga cinikin mitocin 700 da 800, a ajiye su a asusu na musamman da doka ta hana taɓawa, kuma kada a kashe na'urar analog ta kowace jiha sai ƙidayar ta nuna cewa gidajen da suka rage a kanta sun zama 'yan kaɗan da ma'aikata za su iya bi ɗaya bayan ɗaya.